Yadda tsegumin maƙwabta ya riƙa kai mutane ga wuta a Sikotlan

Malama, kin ce kin ji an kashe dubban mutane a Sikotlan bisa zargin maita, kina tambaya ko gaskiya ne, su wane ne aka kashe, kuma ko jahilcin ƙauyawa ne ya jawo haka. Gaskiya ne, abin ma ya fi yadda kika ji muni. Amma batun jahilcin ƙauyawa, a nan zan ja da ke. Na daɗe ina koyar da tarihin Turai na wancan zamani, wato ƙarni na 16 zuwa na 18, kuma duk lokacin da na iso wannan babi sai na ga ɗalibai suna zana hoton gungun mutane da sanduna suna bin tsohuwa. Irin haka ya faru, amma jefi-jefi. Akasarin waɗanda suka mutu an kashe su ne a gaban alƙali, da magatakarda yana rubutu, da limamin coci a zaune, da takardar izini mai hatimi daga babban birni. Masu ilmi da masu mulki ne suka yi aikin.

Bari mu fara da kalmar kanta, domin tana iya ɓatar da mu. In Bahaushe ya ce maye, yana nufin mai kama kurwa, wanda galibi ake cewa ya gaji abin ko ya saya. Talakan Sikotlan ma yana da nasa tsoron mai kama da wannan: macen da in ka yi faɗa da ita saniyarka ta ƙafe, ko giyar da ka dafa ta lalace, ko ɗanka ya kwanta ciwo. Malaman coci da lauyoyi kuwa wani abu dabam suke nufi. A wurinsu mayya ita ce wadda ta sadu da Shaiɗan ido da ido, ta warware baftismarta (wankan shiga Kiristanci), ta miƙa masa kanta, shi kuma ya sa mata tambari a jiki, sannan tana zuwa taron dare tare da sauran bayinsa. Ki riƙe wannan bambanci, domin duk bala'in a tsakaninsa ya fito. Maƙwabci yana kawo ƙarar saniya, hukuma kuma tana neman Shaiɗan da jerin sunayen abokan taro.

Dokar da ta buɗe ƙofar an yi ta a 1563, zamanin Sarauniya Mary, shekara 3 bayan ƙasar ta bar ɗariƙar Katolika ta koma Furotesta. Ta yanke kisa ga mai yin maita, har da wanda ya je neman taimako wurinsa. Ta zauna daram har 1736. Masana a Jami'ar Edinbara, babban birnin ƙasar, sun bi takardun kotuna da na coci ɗaya bayan ɗaya, suka fitar da sakamako a 2003: sun samu mutum 3,837 da aka zarga, kusan kashi 84 cikin 100 mata ne. Ba kowa aka san ƙarshensa ba, takardu da yawa sun ɓace, amma ƙiyasinsu shi ne an kashe wajen kashi biyu cikin uku, kimanin mutum 2,500. A ƙasar da jama'arta ba su fi miliyan ɗaya ba ke nan. Ingila da ke maƙwabtaka da ita, mai ninkin jama'arta sau biyar ko kusa da haka, waɗanda ta kashe ba su wuce kimanin 500 ba.

Kisan kuma ba kullum ake yinsa ba. Zuwa yake kamar annoba, ya lafa, ya sake tashi: 1590 zuwa 1591, sai 1597, sai wajajen 1628 zuwa 1630, sai 1649 zuwa 1650, sannan mafi girma a 1661 zuwa 1662, inda aka zargi mutum sama da 600 cikin ƙasa da shekara biyu. Kuma ya fi tsanani a kudu da gabas, irin su yankin Fife da Lothian ta Gabas, inda coci da hukuma suka fi ƙarfi. Can cikin duwatsun arewa, inda ake yaren Gelik, inda aka yi imani da aljanu da kambun baka kamar ko'ina, shari'o'in ba su da yawa. Da camfi kaɗai ne ke kashe mutane, da can ya kamata abin ya fi yawa.

Shari'ar da ta fi shahara ita ce ta garin North Berwick, kuma ita ta koya wa ƙasar yadda ake farautar. A 1589 Sarki James na 6 ya auri gimbiya Anne ta Danmak. Jirgin da zai kawo amarya ya gamu da guguwa, ya fake a Norwe. James ya shiga jirgi ya bi ta can, aka ɗaura aure a Oslo, suka yi hunturu a Danmak, suka dawo gida a watan Mayun 1590, nan ma teku bai kwanta musu ba. A Danmak aka kama mata aka ce su suka tayar da iskar, aka ƙone su. Labari ya iso Sikotlan.

A daidai lokacin, a garin Tranent, wani mai faɗa-a-ji da ake kira David Seton yana da 'yar aiki, Geillis Duncan. Ya lura tana fita da dare, kuma ta fara yi wa marasa lafiya magani. Shi da kansa ya azabtar da ita: ya matse mata yatsu da matsin ƙarfe, ya ɗaure mata kai da igiya yana murɗawa. Da aka ce an ga tambarin Shaiɗan a maƙogwaronta, sai ta fara kiran sunaye. Cikinsu akwai Agnes Sampson, dattijuwa ungozoma kuma mai magani da ake girmamawa a yankin, da John Fian, malamin makaranta a Prestonpans, da mata biyu na manyan gidajen Edinbara, Barbara Napier da Euphame MacCalzean.

Agnes aka kai fadar Holyrood, sarki da kansa ya zauna yana yi mata tambayoyi. Da farko ta musanta komai. Aka aske mata gashin jiki kaf, aka murɗa mata igiya a ka, aka bincike tsiraicinta ana neman tambari. Ki tsaya ki auna wannan: tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin ƙauyensu, a tsaye tsirara gaban maza. Daga nan ta amsa. Ta ce sun taru da dare a cocin North Berwick, Shaiɗan ya hau mumbari ya yi musu huɗuba, sun ɗaure sassan gawa a jikin kyanwa sun jefa a teku don jirgin sarki ya nutse. Wata ƙasida da aka buga a Landan a 1591 ta ce har sarki ya fara cewa ƙarya suke yi, sai Agnes ta raɗa masa maganar da ya yi da amaryarsa a darensu na farko a Oslo, daga nan ya gaskata. Ƙasidar an rubuta ta ne don a wanke sarki, saboda haka ni ba na ɗora mata nauyi. A watan Janairun 1591 aka shaƙe Agnes a kan tudun fadar Edinbara, aka ƙone gawarta. Haka aka saba yi: a ɗaure mutum a jikin turke, a shaƙe shi, sannan a cinna wuta. Euphame MacCalzean ita da ranta aka ƙone ta. Siyasa ma ta shigo, domin an ja sunan ɗan'uwan sarki kuma abokin hamayyarsa, Francis Stewart, mai sarautar Bothwell, aka ce shi ya sa a yi aikin. A 1597 James ya wallafa littafinsa, Daemonologie, yana kafa hujja cewa maita gaskiya ce kuma wajibin mai mulki ne ya hukunta ta.

Sai dai in muka tsaya kan sarki, za mu rasa ainihin yadda abin ke gudana, domin yawancin shari'o'in babu sarki a ciki, babu guguwa, babu jirgi. Ga yadda suke farawa. A kowace unguwar coci akwai majalisar dattawa, limami da manyan gari, masu sa ido kan zina, da shan giya ranar Lahadi, da zage-zage. Mace ce a ƙauye mai kaifin baki, wadda ba ta barin ko-ta-kwana. Ta je aron gari an hana ta, ko an yi rikici kan iyakar gona, ko awakin wani sun shiga mata shuka. Ta juya tana tafiya ta ce, za ka gani. Bayan mako biyu doki ya mutu. Ba a kai ƙara nan take ba. A ajiye a zuci. Shekara goma, shekara ashirin, ana tara mata irin waɗannan, har sunanta ya zauna a bakin mutane. Shi ya sa kusan rabin waɗanda aka san shekarunsu sun haura 40. Yawancinsu matan aure ne ko zawarawa masu ɗan rufin asiri, ba almajirai ba. Akwai kuma maganar da ake yawan yaɗawa cewa ungozomomi ake farauta don a ƙwace musu sana'a. Binciken Edinbara ya samu ungozoma 9 kacal a cikin dubban nan.

Ranar da iska ta juya, wata da aka kama a ƙauyen gaba ta ambaci sunanta, ko sabon limami mai zafi ya zo, sai dattawa su kira ta. A kulle ta a hasumiyar coci ko a gidan yarin gari. Abin da suke buƙata shi ne ta amsa da bakinta, domin da wannan amsa ce za su aika Edinbara, majalisar sarki ta ba su takardar izinin kafa kotu a nan garin. Alƙalan su ne masu gonakin yankin da manyan gari, wato mutanen da suka riga suka yanke hukunci a zuciyarsu, wasu ma su ne masu ƙarar. A nan bambancin Sikotlan da Ingila yake. A Ingila ƙwararrun alƙalai ne ke zagayawa daga Landan, baƙi ne a garin, ba ruwansu da rikicin akuya. A Sikotlan ma, shari'o'in da suka je gaban ƙwararrun alƙalai sun fi ƙarewa da sallama. Waɗanda aka bar wa mutanen gari kuwa, da wuya mutum ya fita da rai.

To yaya ake sa mutum ya amsa abin da bai yi ba, alhali ya san wuta ce a gaba? Mutane sun fi tuna ƙarafan azaba, amma makamin da ya fi aiki ba ya barin tabo: hana barci. A jera maza su yi ta karɓa-karɓa, dare da rana, duk lokacin da ta fara gyangyaɗi a tashe ta, a sa ta tafiya. Su a ganinsu tsare ta suke yi kada Shaiɗan ya zo ya ƙarfafa mata gwiwa. Duk wanda ya taɓa jinyar mara lafiya kwana uku bai runtsa ba ya san yadda ido ke fara ganin abin da babu. Bayan kwanaki a haka, ga sanyi, ga yunwa, ga limami yana maimaita tambaya ɗaya, yaushe kika sadu da shi, wace suffa ya zo miki, wa kika gani a wurin, sai ta fara ba da amsar da ake so. Wasu ina jin har sun yarda da abin da suke faɗa. Shi ya sa in ka karanta amsoshin sai ka ga kamar a allo ɗaya aka koya musu: wani mutum mai baƙaƙen kaya, jikinsa sanyi ƙalau, ya yi alkawarin ba za ta ƙara rasa komai ba, ya ba ta sabon suna.

Sannan akwai masu allura. Sana'a ce, ana biyansu. An yi imani cewa tambarin Shaiɗan wuri ne a jiki da ba ya jin zafi, ba ya jini. Sai a tuɓe mace, a yi ta soka mata dogon tsinken ƙarfe har a samu inda ba ta zabura ba. Jikin da ya yi shekara sittin yana noma da haihuwa ai ba ya rasa tabo ko tsiro, kuma wadda kunya da firgici suka sandarar ba lallai ta ji komai ba. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne John Kincaid, shi ma mutumin Tranent. An kuma samu wata mace, Christian Caddell, da ta yi shigar maza tana wannan aiki a arewacin ƙasar har asirinta ya tonu.

Akwai shari'ar da har yau ba na iya karanta ta a aji ba tare da na dakata ba, ta Alison Balfour a tsibiran Orkney, 1594. An zarge ta da hannu a yunƙurin kashe mai sarautar yankin. Aka sa mata ƙafafu a cikin ƙarfe ana gasawa, kwana biyu, ba ta amsa ba. Sai aka kawo mijinta, tsoho tukuf, aka danne shi da nauyi a gabanta. Aka kawo ɗanta aka sa masa ƙafa a takalmin azaba. Aka kawo 'yarta mai shekara 7 aka matse mata yatsu. Nan ta amsa. A wurin kisa ta janye amsar a gaban jama'a, ta ce ba ta aikata ba, amma aka kashe ta.

Ba duk amsoshin ne na allo ba. A 1662, a ƙauyen Auldearn, wata matar manomi, Isobel Gowdie, ta ba da bayani har sau huɗu wanda ya bambanta da na kowa. Ta ce ta shiga cikin tudu ta ci abinci wurin sarauniyar aljanu, tana hawa karan hatsi ya zama doki, tana rikiɗa zomo da wasu baitoci da ta rera musu, kuma ƙungiyarsu mutum 13 ce. A bakinta muke jin tatsuniyoyin da matan ƙauye ke yi a bakin murhu. Abin lura shi ne inda ta zurfafa kan aljanu sai magatakarda ya gajarta, ya wuce, domin ba abin da kotu ke nema ba ne. Inda ta ambaci Shaiɗan da sunayen maƙwabta kuwa, an rubuta dalla-dalla.

Kin kuma tambayi me ya sa mata. Mace a wancan zamani ba ta da takobi, ba ta da kujera a majalisa, bakinta ne makaminta, kuma la'ana daga bakin mace ita ake tsoro. Malaman coci sun ɗauka mace ta fi rauni gaban ruɗin Shaiɗan, kuma sun ɗauki alƙawarin da ake yi da shi kamar wata irin zina ce. Majalisun dattawan nan dama aikinsu na yau da kullum shi ne tuhumar mata kan ciki da kwanan gida. Sannan wadda aka matsa wa ta faɗi sunaye, waɗanda ta sani za ta faɗa, ƙawaye da 'yan'uwa mata. Maza da dama da aka kama, mazajen waɗanda ake zargi ne ko 'ya'yansu.

Lokutan da abin ke tashi ma suna da dalili. Shugabannin cocin Sikotlan sun ɗauki ƙasarsu a matsayin al'ummar da ta ƙulla alkawari da Ubangiji, kuma suna karanta ayar Littafin Fitowa na Baibul da ta ce kada a bar mayya da rai. In yunwa ta zo, ko annoba, ko yaƙi, sai su ce fushin Allah ne saboda an bar zunubi a ƙasa. A 1649, shekarar da aka fille kan Sarki Charles na 1 a Landan, masu tsattsauran ra'ayi ne ke riƙe da mulki a Edinbara, suka sabunta dokar, wuta ta tashi. Da sojojin Cromwell, jagoran da ya riƙe Ingila bayan kashe sarkin, suka mamaye ƙasar a shekarun 1650, alƙalan da suka zo da su ba su cika yarda da irin waɗannan hujjoji ba, abin ya ragu. Da aka mayar da sarauta a 1660, mulki ya koma hannun manyan gari, sai ƙararrakin da suka taru suka fashe gaba ɗaya.

Yadda abin ya mutu ma daga sama ne. Tun a 1597 an ga alama. Wata mata, Margaret Aitken, ta ce tana gane mayya da kallon ido, aka yi ta yawo da ita gari-gari tana nuna mutane ana kashewa. Sai wani ya yi dabara, ya sake kawo mata waɗanda ta la'anta jiya cikin wasu tufafi, ta ce ba su da laifi. Majalisar sarki ta janye izinin da ta raba, farautar shekarar ta tsaya. Haka a 1662, da abin ya wuce gona da iri, majalisar ta hana kama mutane da azabtar da su da soka musu allura ba da izininta ba, aka jefa Kincaid kansa a kurkuku. Daga nan ba a sake farauta ta ƙasa baki ɗaya ba. Alƙalan ba su daina yarda akwai maita ba. Sun dai fara tambayar ta yaya aka samo wannan amsa.

Sir George Mackenzie, babban lauyan gwamnati, ya rubuta a littafinsa na dokokin laifuka na 1678 abin da ya gani da idonsa. Ya je duba wasu mata da suka amsa laifi. Ɗaya ta faɗa masa a asirce cewa ba ta yi komai ba. Ita talaka ce mai aikin ƙodago don ta ci, kuma tunda an riga an kira ta mayya, ba mai sake ba ta abinci ko wurin kwana, duka za a yi ta yi mata ana cuna mata karnuka, saboda haka gara ta bar duniya. Ta durƙusa tana kuka tana kiran Allah ya zama shaida. Mackenzie ya yarda akwai mayu, amma wannan ya hana shi sakat, ya yi ta gargaɗin alƙalai.

Wutar ba ta mutu lokaci ɗaya ba. A 1697 a Paisley, maganar yarinya 'yar shekara 11, Christian Shaw, 'yar mai gonar Bargarran, wadda ta fara faɗuwa tana sambatu bayan ta kai ƙarar wata 'yar aiki kan shan madara, ta sa aka yanke wa mutum 7 kisa. A 1705 a Pittenweem, taron jama'a suka kama Janet Cornfoot, suka danne ta da ƙyaure, suka tara duwatsu a kai har ta mutu. Wannan ne irin hoton da ɗalibaina ke zanawa, kuma ki lura ya zo ne a ƙarshe, lokacin da kotuna suka fara ƙin kisa. Ta ƙarshe da aka kashe da sunan shari'a ita ce wadda ake kira Janet Horne, a Dornoch, galibi ana cewa a 1727, tsohuwa da hankalinta ya fara gushewa, aka ce ta mayar da 'yarta doki tana hawa, hujjar kuwa nakasar da ke hannu da ƙafar 'yar. A 1736 majalisar Birtaniya ta soke dokar. Sai ranar 8 ga Maris, 2022, shugabar gwamnatin Sikotlan ta lokacin, Nicola Sturgeon, ta nemi gafara a hukumance, cocin ƙasar ma ya bi baya a shekarar.

Kusan dukansu ba su da kabari, toka aka mayar da su. Wadda aka san makwancinta ita ce Lilias Adie ta ƙauyen Torryburn a Fife. Ta mutu a tsare a 1704 kafin a kai ga yanke mata hukunci. Ba a yarda a sa ta a maƙabartar coci ba, sai aka haƙa rami a cikin laka a bakin teku, tsakanin inda ruwa ke cika da inda yake janyewa, aka ɗora ƙaton dutse a kai don kada ta tashi. A ƙarni na 19 masu tara kayan tarihi suka tone ta suka ɗauke ƙoƙon kanta, ya bi hannu-hannu har ya ɓace, ana nemansa har yanzu. Dutsen kuwa an sake gano shi a 2014, yana nan inda aka ajiye shi, in ruwa ya janye ana ganinsa.